Furen dezi ko mangwaro: wanne ya cancanci fili ɗaya tilo?

Rukayya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Akwai ɗan fili a tsakar gida da rana ke samu tun hantsi har la'asar, kuma shi kaɗai ne wurin da zan iya shuka wani abu. Raina ya rabu biyu tsakanin furen dezi, irin wanda ake kira Shasta, farin nan mai rawaya a tsakiya, da kuma mangwaro. An ce mini dukansu shuka ɗaya ake yi, su yi ta zama shekara da shekaru. Wanne ya fi sauƙin kulawa? Ni dai ba na son abin da zai hana ni sakat.

Ɗanjuma: Wa alaikumussalam. Kai, Rukayya, ai hanyar jirgi daban ta mota daban. Ciyawar da ba ta wuce ƙugu ba za ki haɗa da bishiyar da ke kai mita 30?

Baba Sale: 'Yata, wannan ai ba abin dogon tunani ba ne. Shuka mangwaro. Za ki sami inuwa, ki sami 'ya'ya, tsuntsu ya ci, maƙwabci ya ci, ladan ya yi ta zuwa miki ko bayan ranki. Akwai bishiyoyin mangwaro da suka haura shekara ɗari suna haihuwa. Fure kuwa kallo ne kawai, gobe ya yanƙwane.

Hajiya Turai: Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, amma ba komai ne sai an kai baki ba. Ido ma yana da nasa haƙƙin. Kuma maganar "gobe ya yanƙwane" ba ta hau kan dezi ba. Ina da shi a lambuna, kuma inda nake sanyi na kaiwa ƙasa ta daskare. Idan hunturu ya shigo sai samansa ya bushe ƙurmus, ka ce ya mutu. Da zarar sanyi ya ja baya sai ka ga koren ganye na leƙowa daga gindi, kafin tsakiyar lokacin zafi ya kai santimita 60 zuwa 90, wurin ya yi fari fat. In kina yanke furannin da suka tsufa, sababbi za su yi ta fitowa har makonni da yawa. Ƙanwata, a shekarar da kika dasa shi, ko wadda ke biye, za ki ga sakamako. Mangwaron Baba kuwa sai kin yi jira.

Malam Nura: Kafin a raba gardama, akwai tambayar da ba wanda ya yi, kuma ita ce za ta yanke kusan komai. Rukayya, yaya yanayin wurinku yake? Ruwa na daskarewa a waje lokacin sanyi ko a'a?

Dalilin tambayar shi ne kowanne cikin biyun nan yana da lokacin da yake buƙatar a matsa masa kafin ya yi fure, amma matsin ba iri ɗaya ba ne. Yawancin nau'o'in Shasta sai sun sha sanyi na makonni, wajen digiri 5 a ma'aunin Salshiyas, sannan su ba da fure yadda ya kamata. In ba su samu ba, ganye za su yi ta tarawa, fure ɗai-ɗai ko babu. Mangwaro shi kuma fari yake so, wato 'yan watanni ba ruwa, tare da dare mai ɗan sanyi kamar digiri 15, sai ya daina fitar da sabon ganye ya koma huda. Amma in sanyin ya sauka ƙasa da sifili, ƙaramar bishiya mutuwa take yi, babba kuma ta ƙone. Ke nan sanyin da ke farkar da ɗaya shi ke kashe ɗayan. Wuraren da dukansu biyu ke jin daɗi a fili ba su da yawa a duniya.

Rukayya: Malam, mu ba mu san daskarewar ruwa ba sai a firji. Zafi ne yawancin shekara, sai damina, sai dogon rani da dare ke ɗan yin sanyi na wani lokaci.

Baba Sale: To, an gama magana.

Hajiya Turai: Ba a gama ba, Baba. Akwai nau'in da ake kira Becky, daga jihar Jojiya a kudancin Amurka ya fito, inda ake zafi da gumi sosai. Saboda juriyarsa ne aka zaɓe shi furen shekara a Amurka a 2003. Akwai kuma Snow Lady, wanda ke yin fure a shekarar farko daga iri ba tare da ya jira hunturu ba.

Malam Nura: Gaskiya ne Hajiya, amma Jojiya duk zafinta tana da hunturu, har ƙanƙara na kwanciya a ciyawa. Becky na jure zafin rana ne bayan ya samu hutunsa na sanyi. Snow Lady kuwa zai iya yi wa Rukayya fure sau ɗaya idan ta shuka shi a farkon lokacin sanyinsu, amma da wuya ya tsallake zafi da damina ya sake dawowa. Abin da ya fi kashe Shasta ma shi ne ruwa ya kwanta a gindinsa, saiwar ta ruɓe. In haka ne, ya zama furen kaka ɗaya, dalilin da ya sa ta so shi tun farko ya tafi ke nan.

Ɗanjuma: Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne "shuka ɗaya ake yi". Wa ya faɗa miki haka? Duk mai sayar da shuka haka yake cewa.

Hajiya Turai: A nan kam Ɗanjuma ya yi gaskiya, ko a wurinmu da yake jin daɗi. Dezi ba ya daɗewa in an bar shi haka nan. Gindinsa faɗi yake yi ta gefe, tsakiyar kuma ta tsufa ta mutu, sai ka ga da'ira da rami a ciki. Duk shekara 2 ko 3 sai an tono shi gaba ɗaya, a yayyanka gindin kashi-kashi, a yar da tsohuwar tsakiyar, a sake dasa na gefe. Wanda bai yi haka ba, wata rana zai duba ya ga babu komai. Sai dai ni wannan aikin ne ma ya fi mini daɗi, don gindi ɗaya yakan ba ka uku ko huɗu, ka cika wani wurin, ka ba 'yan uwa. Ka ga shi ma yana da tasa sadakar, Baba.

Baba Sale: Hajiya, ke da bakinki kin faɗa. Abu ne da sai an yi ta tono ana mayarwa. Mangwaro in ya kama ƙasa ya kama ke nan. Wahalarsa ta shekarun farko ce: ban ruwa da rani, kare shi daga dabbobi, lura da gara. Daga ya kai shekara 3 ko 4 saiwarsa ta nitse, tana iya kaiwa mita 6 a ƙasa, ba ya ƙara jiran bokitin kowa.

Anti Larai: Baba, ka manta da shara. Mai mangwaro a tsakar gida kullum da tsintsiya a hannu. Ganye ya zuba, huda ta zuba, 'ya'yan da ba su kama ba su zuba, sannan nunannu su faɗo su fashe ƙuda su taru. Ga ƙaron nan da ke fita daga gindin ɗan idan an tsinke shi, akwai masu fatar da ba ta jure shi, sai ƙaiƙayi da ƙuraje. Ba kushe nake yi ba, ina da shi kuma ba zan sare ba, amma kada a ce wa yarinya babu aiki.

Malam Nura: Ƙaron nan gado ne na dangi. Mangwaro da kashu gida ɗaya suke, kuma ɓawon kashu ma haka yake ƙona fata. Dezi kuwa danginsa su ne latas da furen nan mai bin rana.

Hajiya Turai: Tunda an shiga asali, bari in ba ku labarin Shasta, don mutane na zaton daga daji aka ɗauko shi. Wani Ba'amurke ne mai suna Luther Burbank ya samar da shi a Santa Rosa ta jihar Kalifoniya. Ya fara aikin a 1884, bai fitar da shi ga jama'a ba sai 1901. Shekara 17 yana haɗa dezin daji na Turai da wasu danginsa, ciki har da na Fotugal, daga ƙarshe ya kawo wani na Japan don ya sami farin da yake nema. Sunan kuma na Dutsen Shasta ne da ke arewacin jihar, saboda farin dusar ƙanƙarar da ke kansa. Mutumin ya samar da nau'o'in shuka sama da 800 kafin rasuwarsa a 1926, har da dankalin da ke ɗauke da sunansa.

Baba Sale: Ashe ɗan jiya ne. Mangwaro fa, Malam Nura?

Malam Nura: Shi kam ya tsufa, Baba. Asalinsa yankin arewa maso gabashin Indiya da Bangaladash da Myanmar ne, kuma an shafe kimanin shekara 4000 ana nomansa. Har yau Indiya ce kan gaba a duniya da tazara mai nisa. Turawan Fotugal sun taimaka wajen yaɗa shi ta teku, su suka kai shi Barazil. Amma kada Baba ya yi saurin murna, domin yawancin manyan nau'o'in da ake fataucinsu tsakanin ƙasashe a yau su ma 'yan jiya ne. Haden, alal misali, ƙwallo ne da wani tsohon soja, Kyaftin John Haden, ya shuka a Fulorida a 1902, ya fara haihuwa a 1910 bayan shi mai shukar ya rasu. Tommy Atkins daga ƙwallon Haden ya fito. Kent da Keitt ma 'yan Fulorida ne. Ka ga kusan sa'annin Shasta ne.

Rukayya: Wato mutumin bai ma ga 'ya'yan bishiyarsa ba? Wannan ne fa abin da ke ba ni tsoro.

Malam Nura: Kwantar da hankalinki, shi ƙwallo ya shuka. Na ƙwallo yakan ɗauki shekara 5 zuwa 8, wani ma fiye. Ɗan aure kuwa, wato wanda aka ɗauko reshen bishiyar da ta riga ta balaga aka ɗora a kan ƙaramin gindi, shekara 3 zuwa 4 ya fara. Kuma da ɗan aure kin san abin da za ki samu. Ƙwallo caca ce, yana iya fitowa da zare da tsami ko da uwar zuma ce.

Baba Sale: A nan ban yarda da kai ba, Malam. Na sha shuka ƙwallo da hannuna ya fito sak uwarsa, ba bambanci ko kaɗan. Wannan ba a littafi na karanta ba.

Malam Nura: Ban musa ba, Baba, kuma abin da ka gani yana da dalili. Bari in tambaye ka: ƙwallon da ka shuka, tsiro ɗaya ya fitar ko da yawa?

Baba Sale: Uku, huɗu, wani lokacin har biyar daga ƙwallo ɗaya. Nakan bar mai ƙarfin in cire sauran.

Malam Nura: To ga amsar nan. Mangwaro kashi biyu ne ta wannan fuskar. Akwai wanda ƙwallonsa ɗan tayi ɗaya ne a ciki, kuma wannan ɗan tayin daga barbara ya samu, rabinsa na uwa rabinsa na wata bishiyar da ƙwaro ya kwaso garin furenta. Yawancin nau'o'in Indiya da na Fulorida haka suke, shi ya sa ba sa fitowa kamar uwa. Da suna fitowa sak, da ba a sami Haden ba, don uwarsa wani nau'in ce daban da ake kira Mulgoba. Kashi na biyu, wanda ya fi yawa a kudu maso gabashin Asiya kuma ya bazu a ƙasashe masu zafi, ƙwallonsa na ɗauke da 'yan tayi da yawa. Ɗaya ne kawai na barbara, sauran daga jikin uwar kai tsaye suka tsiro, don haka kwafinta ne. Irinsa ka yi ta shukawa, Baba. Kai da ni duk muna kan gaskiya, bishiyoyin ne ba ɗaya ba.

Kuma abin sha'awa, dezin Hajiya ma haka yake. Becky in an shuka irinsa ba Becky zai fito ba. Shi ya sa ake raba gindi. Rabon gindi a dezi da aure a mangwaro manufarsu ɗaya ce, a riƙe wanda aka zaɓa kada ya sauya.

Baba Sale: Madalla. Amma dai ƙwallon kada a ajiye shi, wannan na tabbatar. In ya bushe na 'yan makonni ba ya tsirowa.

Malam Nura: Haka yake. Irin dezi kuwa ana iya ajiye shi a takarda a busasshen wuri har wata shekarar.

Ɗanjuma: Ni fa har yanzu ban ga abin da ya haɗa su ba, in ban da dukansu kore ne.

Hajiya Turai: Ɗauki dezi ɗaya ka duba da kyau, Ɗanjuma. Abin da kake kira fure ɗaya taron furanni ne. Rawayan tsakiyar nan ƙananan furanni ne masu ɗimbin yawa a cunkushe, kowanne na iya ba da iri, suna buɗewa daga gefe zuwa ciki. Fararen da ke kewaye su ma kowanne fure ne mai zaman kansa, aikinsa ya jawo ƙwari. Sai dai in faɗi gaskiya, ƙamshi kam babu. Wasu nau'o'in ma wani ɗan wari suke yi, kada ki yanko da yawa ki sa a ɗakin kwana.

Malam Nura: Hudar mangwaro ma taro ce, reshe ɗaya na ɗauke da ɗaruruwa zuwa dubban ƙananan furanni, akasarinsu maza, kuma waɗanda ke zama 'ya'yan da za su nuna ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Shi ya sa Anti Larai ke shara. Ƙuda na cikin manyan masu yi masa barbara, kuma ƙudan ne warin dezi ke kira. Ga abin da ya haɗa su, Ɗanjuma.

Ɗanjuma: Ƙuda. To Allah ya kyauta.

Injiniya Bashir: Ku yi haƙuri na shigo a makare. Duk an yi maganar fure da tarihi, ba wanda ya tambayi girman filin. Rukayya, daga tsakiyar wurin zuwa bango mafi kusa mita nawa ne? Akwai bututun ruwa ko ramin masai a kusa? Sannan gidan naku ne ko haya? A gona, tazarar mita 10 ake ba manyan mangwaro tsakaninsu, don haka ki ƙiyasta faɗin da kansa ke yi. Na ga inda aka dasa shi dab da katanga, bayan shekaru saiwa ta ɗaga daɓe, rassa suka hau rufi, ganye ya toshe indararo, ƙarshe aka sare shi daidai lokacin da ya fara haihuwa sosai. Dezi in bai yi miki ba, cebur ɗaya ya raba ku. Mangwaro kuskurensa sai da gatari.

Rukayya: Gidan namu ne, Injiniya. Zuwa bango zai yi kamar mita 4, kuma babu bututu ta wannan gefen.

Injiniya Bashir: Mita 4 ya yi wa babban mangwaro kaɗan. In dai za ki shuka, sai gajeren nau'i, kuma ki yarda za ki riƙa yi masa aski duk shekara.

Malam Nura: Akwai su. Amrapali, wanda cibiyar binciken aikin gona ta Indiya da ke Delhi ta fitar a 1971 daga haɗin Dasheri da Neelum, gajere ne har ana dasa shi a tazarar mita 2 da rabi. Yana kuma haihuwa kowace shekara, saɓanin nau'o'i da yawa da ke cika a bana su huta baɗi. In ba a same shi ba, kowane ɗan aure ana iya riƙe shi a mita 3 zuwa 4, in an datse kansa tun yana ƙarami don ya yi rassa ta gefe, sannan a riƙa rage shi da zarar an gama tsinkar 'ya'ya. Kada a bari sai dab da huda, don a bakin rassan da suka ƙosa yake yin ta, in an yanke su an yanke amfanin shekarar.

Anti Larai: Me zai hana ta haɗa biyun? Bishiya a tsakiya, furanni a kewaye.

Hajiya Turai: Na so in faɗi haka, amma dezi na son rana ta aƙalla awa 6 a yini. A inuwa tsawo yake yi ya langaɓe ya kwanta. Inuwar mangwaro kuwa kin san ta, ko ciyawa ba ta cika fitowa a ƙarƙashinta ba.

Malam Nura: A shekarun farko kafin kan bishiyar ya buɗe zai yiwu. Matsalar da za ta biyo baya ta ruwa ce. Lokacin da furanni suka fi buƙatar ban ruwa, wato rani, shi ne lokacin da ake so a ƙyale mangwaro da ƙishi don ya yi huda. In kina jiƙa gindinsa kullum saboda furanni, sai ya yi ta fitar da jan sabon ganye, ki yi ta jiran 'ya'ya shiru. Mafita ita ce furannin su zauna a tukwane, ki riƙa matsar da su inda rana take.

Hajiya Turai: To ƙanwata, in a tukunya ne, kuma zafinku haka yake, ni da kaina ba zan ce ki nace wa Shasta ba. Nemi danginsa da suka fito daga Afirka ta Kudu. Akwai jabera, wanda aka samo a kusa da garin Barberton, furensa manya ne, akwai ja da rawaya da fari, yana kuma daɗewa in ruwa ba ya kwanciya a tukunyar. Akwai gazaniya, gajere mai jure fari, sai dai yakan rufe furensa in rana ta faɗi ko hadari ya haɗu. Siffar dai ita ce ta dezi. Amma ina nan kan bakana, Baba: da a wurina Rukayya take, mangwaronka ko hunturu ɗaya ba zai ƙetare ba.

Baba Sale: Ai ba a wurinki take ba, Hajiya.

Rukayya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan nemi gajeren ɗan aure, jabera kuma a tukwane ta bakin ƙofa. Tambaya ta ƙarshe: ta yaya zan gane ɗan aure na gaskiya a wurin masu sayar da dashe? Kada a ba ni na ƙwallo a ce ɗan aure ne.

Baba Sale: Duba karan, kamar taƙi ɗaya ko biyu daga ƙasa, za ki ga tabon inda aka haɗa, wani lokacin da ledar ɗaurin a jiki. In kara ya tafi sumul daga ƙasa har sama, ajiye musu abinsu. Wajen dasawa kada ki binne tabon, ya zauna a sama da ƙasa. Duk tsiron da ya fito ƙasa da tabon ki cire shi, na gindin ne, in kika bar shi zai rinjayi na saman.

Malam Nura: In ya yi huda a shekarar farko ko ta biyu, ki tsinke ta, ya fara gina jiki tukuna.

Baba Sale: Ta farko dai. Ta biyu ki bar masa ɗa ɗaya ko biyu, ki ɗanɗana ki tabbatar abin da aka sayar miki ke nan.